Likkafanina Ya Sha Iska

Har yau in na ji warin kwalta sai in ji gajiya ta sauko mini tun daga kafaɗa. Damina biyu da ranin da ke tsakaninsu na yi ina kewaya jirgin ruwa a tsakar gidana kafin in kai ga murhu. A Fagge fa, inda ruwan da ya fi kowanne girma shi ne kududdufin bayan katangarmu. A shekarun da dalar gyaɗa ke tsaye a gefen reluwe ne, Turawa ba su kai ga tafiya ba.

Maigidana asalin iyayensa mutanen Barno ne, sun zauna a Fagge tun ana sauke raƙuma a wurin. Yana saurayi ya tafi Makka a ƙasa, bai dawo ba sai da furfura. Guzuri ne ya ƙare masa a bakin Bahar Maliya, ya kama aiki a jiragen Larabawa masu tafiya da iska, ya yi shekaru yana jan igiya da ɗinkin ƙyalle. Da ya dawo ba abin da ya kawo sai tari, da 'yan kalmomin Larabci waɗanda ba na addu'a ba, da farin yadi guda biyu da ya tsoma a ruwan Zamzam ya shanya a can. Ɗaya likkafaninsa ne, ɗayan na mahaifiyarsa. Ya tarar ta daɗe da rasuwa.

Ina bazawara ya aure ni, shi ya ba ni yadin nan na biyu. Ƙawayena suka yi ta dariya, wai ana kai wa amarya atamfa ni an kawo mini likkafani. Na bar su suka yi. Ni na san ko da wasa ba zan taka Makka ba. Mai ɗinkin buhun gyaɗa nake aure, in ya ciyar da ni ma ya yi ƙoƙari. Abin da zai haɗa jikina da ƙasar nan mai tsarki shi ne wannan yadi. Na naɗe shi da kanumfari na sa a ƙasan adaka, nakan buɗe in taɓa shi duk ranar da duniya ta ishe ni.

A lokacin ne jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga filin jirgin da ke nan kusa da mu. Maƙwabcinmu, wani tela mai baki kamar reza, ya tafi ya dawo da haƙorin Makka tun ba a gama cinye naman layyar gidansa ba. A dakalin ƙofar gidansa maza ke zama bayan la'asar, mu kuma daga ciki muna jin komai, don katangar ƙasa ba ta riƙe sirri. Ran nan na ji maigidana yana ba da labarin teku, har ya ce jirgin da ba shi da inji yana iya nufar wajen da iska take fitowa.

Tela ya ce, "Alhaji, dakata. Iska tana busowa daga gabas, kai kuma ka nufi gabas, da ƙyalle?"

"Ƙwarai. Ba kai tsaye ba, a karkace. Ka yi nan, ka juya ka yi can."

"Ni ma fa na ga Bahar Maliyan nan, ta taga, ba ta fi tabarma ba. Alhaji, tafiya in ta yi nisa takan ƙara wa labari gishiri, ba laifi ba ne. Amma wannan kam ya yi yawa, ba ya ciwuwa."

Aka kwashe da dariya. Maigidana ya shigo gida ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, na ajiye masa tuwo har ya huce bai taɓa ba.

Ya ce, "Baiwar Allah," don haka yake kira na, "yau an ce na yi ƙarya."

Na ce, "To sai me? Bakin tela ne, wa ya bari?"

"Ke kin yarda da ni?"

Na ce tuwonsa yana hucewa. Ban yarda ba, gaskiya. Ni mai shanya ce, na san inda iska ke kai zane in ta fizge shi daga igiya, ba ta taɓa dawo mini da shi ba. Shi ma ya gane, bai sake tambaya ba. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa, abin da ya tara a duniya shi ne a ce in ya faɗi magana haka take. Ita ce aka taɓa.

Washegari na fito shara na tarar da zane-zane a ƙasa, tun daga bakin rijiya har gindin zogale. Na ɗauka kaji ne suka yi tono, na share tas. Ranar na ga ɓacin ran da ban taɓa gani ba, ashe hoton jirgi ne ya zana da tsinke. Ya sake zanawa, ya kewaye da duwatsu, aka hana ni share rabin gidana. Daga nan ya haɗa ɗan ƙarami da kara da tsumma, ya cika darona na wanki da ruwa, ya miƙo mini faifai.

Ya ce, "Ke ce iska. Yi fifita."

Na durƙusa ina fifita wa kara, mace da girmana. Duk inda na kaɗa, can abin yake gudu ya manne a bakin daro, bai taɓa nufo ni ba. Alhaji ya ce daron ne ya yi ƙanƙanta. Na ce iska dai ta gaji, za ta je ta ɗora girki.

Abu ɗaya zan yaba masa, da igiya ya fara auna ƙofar zaurenmu kafin ya sayi ko ƙusa. Saboda haka faɗin jirgin nan ba teku ce ta yanke shi ba, ƙofarmu ce. Katako kuma daga Sabon Gari ya riƙa zuwa, guntu-guntu, yawanci na akwatunan da ake kwance kayan kanti. Akwai wani kafinta a can, Kirista, mutumin bakin kogi daga kudu, shi ya ji labari abin ya ba shi sha'awa, ya riƙa zuwa ranar Lahadi in an taso daga coci da zartonsa a hammata. Duk ranar da zai shigo sai a yi mini sallama in shige ɗaki in saki asabari. In yi ta zama cikin zafi ina jin ƙarar zarto da gardamarsu, shi da gurguwar Hausarsa yana cewa, "Baba, kwalekwale na sani, amma wannan wuƙa da kake sa masa a ciki, na mene ne?" Alhaji ya ce wuƙar nan ita ce dukan maganar, faffaɗan katako ne da zai nutse a ƙarƙashi ya riƙe ruwa, ya hana iska tura jirgin a gicciye. Kafinta ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa babba.

Katako ba ya lanƙwasa sai ya sha ruwan zafi. Wa zai dafa? Ni. Na dafa ruwan da ya isa wankan jegon matan unguwa gaba ɗaya, itacen girkina ya ƙare a kan katako. Aka zo toshe tsakanin katakai, ni na kaɗa audugar da aka cusa. Aka zo kwalta, tukunyata ta dahuwar wake aka narka ta a ciki, ba ta sake komawa tukunya ba. Tuwo ya yi warin kwalta, ruwan randa ya yi warin kwalta, har zanen da nake zuwa biki da shi. Igiyar shanyata ta koma ta jirgi. In zan je rijiya sai na tattare zane na tsallake gora da gwangwala. Ban taɓa jin labarin matar da aure ya kai ta ga wannan ba.

Ƙyallen da iska za ta kama, shi yana da sunansa na Larabci da harshena ya ƙi ɗauka, ni dai mayafi nake ce masa. Na farko da buhunan fulawa aka yi shi, ya harhaɗa da basillarsa ta ɗinkin buhu. Da ruwa ya cika kududdufi a tsakiyar damina, majiya ƙarfi suka ciccibi jirgin a karkace suka fitar ta zaure. Ina ciki ina jin hayaniya ta bayan katanga. Can sai na ji wani ƙyaat, sannan dariya ta tashi kamar an watsa wa kaji tsaba. Iskar farko ce ta raba buhunan gida biyu, jirgin ya juya ya kwanta. Alhaji ya shigo jiƙe sharkaf, da kainuwa a kan hularsa. Tarin nan nasa ya tashi, ya yi kwanaki a kwance ina dafa masa citta da kanumfari.

Na ɗauka an gama. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Aka dawo da jirgin aka kife shi a inda yake, ruwan kududdufi ya janye, rani ya shigo. Kaji suka samu wurin ƙwai, gara ta samu abinci. A waje kuwa tela ya naɗa wa Alhaji sarauta, Sarkin Ruwan Fagge, har masu kai masa buhu suka kama. Alhaji ya daina zama a dakali. Daga masallaci sai gida, kansa a ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai, ko labarin farashin gero ya faɗa a waje sai wani ya ce, "Wannan ma daga teku ne?" Da ina jin haushin jirgin ne kawai, yanzu sai na rasa wanda zan ji haushi. Mutum yana raguwa a gabana kamar sabulu.

Da hadarin farko na sabuwar damina ya haɗo, ya tashi ya birkice jirgin. Ya canza katakan da gara ta ci, ya ƙara wa wuƙar nan tsawo, aka sake narka kwalta. Saura mayafi. Buhu ya nuna halinsa, yadi mai ƙarfi kuma sai kanti, ga aikin buhu ba ya kankama sai kaka, lokacin kuwa ruwa ya tafi. Wata safiya na fito na ga ya buɗe akwatinsa ya ɗauko likkafaninsa yana aunawa da kamu.

Na ce, "Alhaji, lafiya? Wa ya rasu?"

Ya ce, "Saƙar Jidda ce, irinta muke ɗaurawa a can. Iska ba ta ratsa ta."

"Na Zamzam ɗin za ka kai kududdufin da ake zubar da shara?"

"Wanda aka binne da sunan maƙaryaci, wane yadi ne zai rufa masa asiri?"

Ya sa almakashi. Na juya baya don kada in gani, amma na ji.

Ya zana siffar mayafin a ƙasa, mai kusurwa uku, ya shimfiɗa yadinsa a ciki. Bai kai ba. Ta sama, wajen tsinin, akwai fili da ya rage, ƙasa tsirara. Kullum da safe sai ya shimfiɗa, ya danne da duwatsu, ya zauna yana kallon filin nan, da yamma ya naɗe. Ni kuma ina wucewa ta gefe da tulu kamar ban san me filin yake nema ba. Da ya roƙa da na ji daɗi, don da na samu abin da zan ƙi. Ruwa yana ta sauka, kududdufi ya cika har ya fara taɓa gindin katangarmu, na san kuma ba zai daɗe a haka ba.

Ranar da abin ya ishe ni, ina tsakiyar tankaɗe na ajiye rariya.

Na ce, "Ka faɗa mana! Ka buɗe baki ka ce yadina kake so!"

Ya ce, "Na ba ki. Abin da na bayar ba na waiwayarsa."

"Ka cinye mini itace, ka cinye mini tukunya, ka cinye mini tsakar gida. Abu ɗaya tak da nake da shi na zuwa lahira, shi ma sai ka kai wa kwaɗi? Don tela? Telan da ko ka tafi a kan ruwa da ƙafa cewa zai yi ba ka iya iyo ba?"

Ya ce, "Ba don tela ba ne yanzu. Shekarun nan da na yi a can, ba wanda ya gani. Tsohuwata ta mutu tana jira na. Wani lokaci ni kaina sai in ce ko mafarki na yi."

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, na haushi ba na tausayi ba. Sannan na buɗe adaka. Ƙanshin kanumfari ya taso, na rungume yadin na ɗan jima, na fito na jefa masa a cinya. Na ce kada ya kuskura ya yi mini godiya, kuma kada ya sa masa basillar nan tasa, ni zan ɗinka.

Idonsa dama ya fara rauni, ɗinki mai kyau ya fi ƙarfinsa. Shi yake nuna mini, ni nake yi, ninki biyu, da zare mai kauri da aka goga wa kakin zuma. Allura ta huda mini yatsu har na daina ji. Da hannuna na yanka likkafanina a karkace, na haɗa shi da nasa, na kewaye bakin da igiya. Nawa ne ya zama na sama.

Da hantsi aka fitar da jirgin, ranar da gari ya yi wasai bayan ruwan asuba. Ni ba fita nake ba, ba kuma wanda ya yi tunanin matar da ta ɗinka abin za ta so gani. Na hura wuta na ɗora ruwan tuwo. Iskar damina tana busowa daga yamma, tana kwantar da hayaƙin murhuna wajen gabas, ta kan ɗakin girki. Ina jin muryoyi a bayan katanga, har da ta tela da ta kafinta. Jira nake in ji ƙyaat.

Ban ji ba. Sai na ɗaga kai na ga wani farin tsini ya leƙo ta saman katanga. Jirgin ban gan shi ba, Alhaji ma ban gan shi ba, iyakar abin da katanga ta bar mini ke nan, yadina, cike da iska, ya yi ciki kamar mai wata tara. Har layin ɗinkina ina hangowa. Ya ɗan tsaya yana rawa, sannan ya fara tafiya a hankali. Na dubi hayaƙi, yana gabas. Na dubi yadi, yana yamma. Na sake duban hayaƙi don kada idona ya yaudare ni. Tsinin ya yi nisa ya ƙanƙance, ya kaɗa, ya juya, ya sake kumbura ta ɗaya gefen, ya matso, kuma har yanzu yamma yake ci. Ya wuce saitin zogale, ya wuce saitin rijiya, ya ɓace a bayan ɗakin maƙwabta. Muciya tana hannuna, ruwan tuwo ya tafasa ya ƙone ban sani ba.

A waje gardama ce ta kaure. Na ji tela yana cewa iskar ce ta juya, wani ya ce ai akwai sanda a ƙarƙashi da yake dogarawa, an gan ta, faffaɗa. Kafinta yana ta rantsuwa da Hausarsa ba mai saurarensa. Kafin azahar kowa ya watse da abin da ya zo da shi a ransa.

Alhaji ya shigo da mayafin a naɗe a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo, yana haki. Bai yi maganar mutanen waje ba. Ya tsaya a gabana kamar mai jiran hukuncin alƙali.

Ya ce, "Baiwar Allah, katanga ta tare miki ko?"

Na ce, "Na ga na sama. Hayaƙi yana gabas, kai kana yamma."

Ya zauna a kan turmi, ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya sauke sai ya ce yunwa yake ji. Na ce sai ya jira, ruwan tuwon ya ƙone, kuma laifinsa ne.

Bai sake shiga jirgin ba. Ruwa ya janye, aka dawo da shi, daga baya na sa aka cire wuƙar ya zama komin awakina. Sarkin Ruwa dai ba a fasa kiransa ba, sai dai ya koma zama a dakali, in an tsokane shi ya yi murmushi ya ce a tambayi mai ɗakinsa. Wa zai shigo ya tambaye ni? Mayafin na wanke shi da sabulu har sau ba adadi, tabon kwalta ɗaya ya ƙi fita, na naɗe na sa a adaka. Ina wankewa ina tunanin ko Zamzam ɗin yana bin ruwan wanki, ban sami wanda zan tambaya ba.

Bayan 'yan shekaru tarin nan ya tafi da shi, da rana tsaka, a farkon bazara. Maza suka aiko daga zaure ko akwai likkafani. Na ɗauko mayafin na zauna ina farke ɗinkina da reza, mata suna kallona, na raba nasa da nawa na aika da nasa. Ba a jima ba aka dawo da shi. An yanka shi a karkace, in ji su, ba zai rufe shi ba, ko a tafi kanti. Telan ne ma ya aiko, don shi ke yankan likkafanin unguwa. Na dubi guntun da ke cinyata, wanda na hango ta saman katanga. Na ce ba sai an je kanti ba, na miƙa. Ko a nan ma sai da ya tafi da nawa.

Yanzu akwai wani yadin a adakata, 'yan uwa suka saya mini a kasuwa, fari tas, ba tabo ko ɗaya. Ba ruwan Zamzam a jikinsa, bai kuma taɓa shan iska ba. Na sa masa kanumfari saboda asu, amma ba na buɗewa in taɓa shi.